Mai Gadin Sama a Gangara

Gangara, farkon kaka, 1964

Zuwa ga Habi, sanyin idona,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki? Kumburin ƙafar nan ya saɓe kuwa? Ki gaishe mini da Baba Malam da duk mutanen gidanku na Tibiri. Da ajami na rubuta don ki karanta da kanki, ba sai an nemo wani ɗan lakol mai karatun boko ba. Dikko mai kamiyo, babbar motar gyaɗar nan, zai riƙa kawo miki, shi kuma za ki ba amsa.

Na san labari ya iske ki cewa an ɗauke ni daga gadin buro, ofishin gwamnati na Gidan Rumji, kwana uku bayan na raka ki gida. Kada hankalinki ya tashi, ba laifi na yi ba. Wani jirgin sama ne ya addabi wannan yanki na bakin iyaka. Ƙarami ne, fari kamar sabon kwano, ba tuta a jikinsa, ba lamba. Yakan ɓullo da hantsi, ya sauko ƙasa-ƙasa har inuwarsa ta bi ta kan gonaki, ya yi kewaye biyu ko uku, ya koma. Mutanen ƙetaren iyaka ma sun ce ba nasu ba ne. Manya sun ce na wata ƙasa ne da ba ta ga-maciji da tamu, wai hoto yake ɗauka: hanyoyi, rijiyoyi, da inda sojanmu suke. Sun ce ƙasar da ta ɗaga tutarta shekara huɗu da suka wuce ba za ta zauna ana leƙa ta kamar ɗaki marar asabari ba. To amma a nan ba mu da jirgin da za mu kore shi da shi, sai ido. Da aka nemi tsohon soja wanda ya san jirage, sai aka tuna da ni.

Aikin ba wuya. Akwai wani tudu gabas da gari mai aduwa ɗaya a kansa, nan nake wuni. An ba ni madubin hangen nesa da agogo da kaye, littafin da zan riƙa rubutu a ciki. In jirgin ya zo in rubuta lokaci, da inda ya fito, da inda ya nufa, mai doki ya kai Gazawa a buga waya.

An sauke ni a zauren wani mutumin kirki, Ɗan Azumi. Manomi ne, yana kuma kasa goro ranar kasuwa. Kakansa daga wajen Katsina ya zo, har yanzu can yake saro goronsa. In ba shi da aiki yakan hawo tudu da ƙwaryar fura mu sha muna hira. Uwarsa, Inna Indo, tsohuwa ce mai barkwanci. Ita ta sa mini suna Mai Gadin Sama, ta ce in na ga Mala'ikan mutuwa ya taho in gaya masa ta tafi unguwa.

Abu ɗaya ne ba na so, ƙararsa. Kin tuna ranar da jirgin feshin fara ya wuce ta kan Gidan Rumji, kika iske ni a ƙarƙashin rumbu? Ba ki tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Na gode miki da wannan.

Ki riƙa cin abinci, ki bar ɗaukar tulu. Allah ya raba ku lafiya.

Naki har kullum,
Chindo


Gangara, bayan yankan gero

Zuwa ga Habi,

Gaisuwa da ƙauna. Amsarki ta iso, na karanta ta sau uku. Na ji daɗi da kika ce ƙafa ta saɓe. Yaya su Baba Malam? Yaya aikin kaka a can?

Abubuwa sun sake a nan. An turo wani lajidan, mai muƙamin soja, da soja shida da babbar bindiga mai ƙafa uku, aka kafa ta kusa da aduwata. Ranar kasuwar da ta wuce jirgin ya zo, suka buɗe masa wuta. Ko gezau. Ya ƙara sama kaɗan, ya gama kewayensa, ya tafi abinsa. Kasuwa ce ta watse, aka tattake ƙorai, jakuna suka tsinke. Lajidan ya ji kunya, kunyar kuma ta zama fushi. Ya karɓi kayena ya duba, ya ga jirgin ba ya zuwa sai ranar kasuwa, kuma kullum ta gabashin gari yake kewaye. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, akwai mai yi masa alama daga ƙasa. Ya umarce ni in riƙa rubuta duk abin da na hanga, ko hayaƙi ne, ko walƙiyar madubi, ko shanya.

Habi, yau zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A yaƙin da aka kai mu bayan teku, ƙasar shinkafa da ruwa, aikina ba harbi ba ne. Fararen ƙyallaye nake ɗauka a baya. In muka kusanci ƙauyen da ake zargi, sai a ce in shimfiɗa su a ƙasa, dogaye a jere, in danne kusurwoyinsu da duwatsu. Jirage su gani daga sama, su san inda za su zuba wuta. Wata safiya na shimfiɗa su a gefen wani ƙauye na bakin kogi. Ina cikin danna dutse na ƙarshe sai ga wata mata tana kora agwagi da doguwar sanda. Ta tsaya ta dubi ƙyallen, ta dube ni, ta yi murmushi. Ina jin ta ɗauka wanki nake shanyawa. Ban ce mata komai ba. Ko na ce, ba ta jin harshena, amma da hannu ma ai ana korar mutum. Ban ɗaga hannun ba. Da muka shiga ƙauyen da azahar ban gan ta ba, sandar kawai na gani. Shekara goma sha ɗaya ke nan, har yanzu in ina alwala na sunkuya wanke ƙafa, sai in ji kamar tana tsaye a bayana.

Ga dalilin da ya sa na gaya miki. Kasuwa biyu ke nan a jere ina hangen fararen ƙyallaye a bayan dangar gidan Ɗan Azumi. Biyar ne, shimfiɗe a ƙasa, an danne kusurwoyinsu da duwatsu. Da hantsi suke bayyana, kafin azahar an kwashe. Da na fara ganinsu na goge madubin na sake dubawa. Na ce da kaina mutumin nan ba zai yi haka ba. Sai wata zuciyar ta ce, kai ma wa ya ce za ka yi? Na tuna yana ƙetare iyaka duk wata. Na tuna yadda yake tambayata in muna shan fura, wai daga ina jirgin yake fitowa. Na duba garin, na ga mata a bakin rijiya, na ce in wuta ta sauka a nan kuma na yi shiru, sau biyu ke nan.

Na rubuta a kaye. Layi ɗaya ne. Jiya mai doki ya tafi da shi.

Ki yi mini addu'a. Ki gai da kowa.

Mijinki,
Chindo


Gangara, watan azumin tsofaffi

Habi,

Ina gaishe ki, ina gai da gida. Allah ya sa kina lafiya.

Mutanen gwamnati sun zo ranar kasuwa, suka ɗauke Ɗan Azumi daga gaban faifan goronsa. Wasu suka zagaya bayan gida suka tarar da ƙyallen a shimfiɗe, suka naɗe shi suka jefa a mota. Ina kan tudu, duk na gani ta madubi. Na ga ya juya yana neman wanda zai bar wa goron. Na ga hularsa ta faɗi, ba wanda ya ɗauka.

Da la'asar na sauko. Na iske matarsa Laraba tana kuka a cikin gida, Inna Indo kuwa tana zaune a bakin zaure, ƙafafu a miƙe, ba hawaye. Ta ce in zauna. Ta ce, “Mai Gadin Sama, kai ka san mutanen gwamnati. Me suke so da likkafanina?”

Habi, likkafaninta ne. Ƙanenta ya kawo mata daga Makka shekara tara da suka wuce, an tsoma shi a ruwan Zamzam, ta yanka shi kashi biyar irin na mata ta adana a adudu. Daminar bana ɗakinta ya yi yoyo, ya fara warin ruma, gara kuma ta taɓa gefe ɗaya. Ɗanta ba ya son ganinsa, in ya gan shi sai ya yi kwana biyu ba ya cin abinci. Shi ya sa take jira sai ranar kasuwa, in ya fita, ta lallaɓa bayan gida ta shanya, ta kwashe kafin ya dawo. Duwatsun kuwa saboda iska ne da awaki. Ɗan Azumi bai ma san ana yi ba.

Na tafi wurin lajidan na gaya masa duka. Ya saurare ni har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba. Sannan ya ce takarda ta riga ta hau sama, abin da ya hau kuwa ba shi ke sauko da shi ba. Ya ce ai ni na rubuta, ni ne kuma wanda ya san alamar jirgi, in yau na ce ba haka ba, wanne za a ɗauka? Na ce a tambayi tsohuwar. Ya ce wace uwa ce ba za ta yi wa ɗanta rantsuwa ba?

Washegari na nemi izini na hau kamiyon Dikko. Na bi buro uku a gari biyu. A ko'ina sai an sa ni jira a rana, sannan a ce maganar tana gaba. A na ukun na hangi ƙyallen a kan wani kabad, an ɗaure shi da igiya an liƙa masa lamba. Na roƙi a ba ni ko da shi kaɗai ne in mayar wa mai shi. Aka ce shaida ce, ba ta fita. Ɗan Azumi kuwa ba a bar ni na gan shi ba. Na biyo ta Cadawa na dawo hannu rabbana.

Abin da ya fi ci mini rai, mutanen gidan ba su san ni ne ba. Har yanzu a zaurensu nake kwana. Laraba na turo mini tuwo, Inna na dama mini fura, tana cewa in sha in sami ƙarfin yi musu zirga-zirga. Jiya ta sa mini albarka har ta dafa kaina. Na fita da ƙwaryar bayan gari na ba kare.

Jirgin ya sake zuwa kasuwar da ta wuce. Babu ƙyalle, babu Ɗan Azumi, ya yi kewayensa ta gabas kamar kullum. Yanzu na lura hanyar mota yake bi. Na rubuta wannan ma, da manyan baƙaƙe.

Kada ki gaya wa Baba Malam tukuna. Ko kuwa ki gaya masa, ban sani ba. Allah ya sauke ki lafiya.

Chindo


Gangara, watan sha ruwan tsofaffi

Zuwa ga Habi, maijego,

Barka, barka da arziki! Dikko ya tsaya da kamiyo a gindin tudu yana ta buga oda har na sauko, ya ce ɗiya mace, ke da ita lafiya. Na yi sujada a nan kan hanya. Yaya jikinki? Yaya ruwan zafi? Na yarda da sunan da Baba Malam ya zaɓa, Allah ya raya Suwaiba. An hana ni izinin zuwa suna, ki yafe mini. Ban so in haɗa wannan albishir da abin da zan rubuta ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Inna Indo ta rasu ranar Litinin.

Tun da aka tafi da ɗanta ta rage cin abinci, sai tari ya kama ta. Na karanta abin da kika rubuto, cewa Baba Malam ya ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari sai an nemi mai shi. Na yi kwana huɗu ina juya maganar. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na roƙi Laraba ta yi mini iso. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin na faɗi komai, har da matar nan mai agwagi. Laraba ta saki ludayin da ke hannunta ta fita. Inna ta ɗago kai ta dube ni. Can ta ce, “Ashe kai ma a tsorace kake.” Ta ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Ta ce nata haƙƙin ta yafe, na ɗanta kuwa ba a hannunta yake ba. Sannan ta juya fuska ga bango ta ce in tafi, ta gaji.

Daga ranar na kwashe tabarmata na koma gindin aduwa. Laraba ba ta kore ni ba, ni ne ban iya ba.

Da ta cika, aka rasa abin da za a sa ta. Likkafanin da ta yi shekara tara tana tattali yana can kan kabad da lamba a jikinsa. Farin yadin da na ajiye don rigar sunan ɗiyarmu shi na aika, ta hannun liman, ban ce a faɗi daga inda ya fito ba. Ba a tsoma shi a Zamzam ba, Habi. Yadin kanti ne kawai.

An kai ta da hantsi, ya kuwa dace da ranar kasuwa. Mun ajiye makara a bakin kabari ke nan sai muka ji ƙarar. Kowa ya ɗaga kai. Sai na ga wani dattijo ya tuɓe rigarsa mai shuɗi ya rufa a kan gawar. Wani ya bi, wani ya bi, har farin ya ɓace. Tsoro suke ji kada a hango fari a ƙasa a sake zuwa a ɗauki wani. Muka tsaya haka, manyan mutane ba riguna, inuwar jirgin ta bi ta kanmu sau biyu. Ni na koya musu wannan tsoron. Kafin zuwana mutanen garin nan hannu suke ɗaga masa.

Ranar ban rubuta komai a kaye ba. Lajidan ya tambaye ni ƙarfe nawa jirgin ya zo, na ce ban duba agogo ba.

Ki sumbaci goshin Suwaiba. Ki rubuto mini kamanninta.

Naki,
Chindo


Gangara, bayan ƙaramar salla, 1965

Zuwa ga Habi da Suwaiba,

Barkanku da salla, Allah ya maimaita mana. Yaya goyo? Kin ce hancina ta ɗauko, to Allah ya ba ta haƙuri. Ki gai da Baba Malam, ki ce na gode da addu'a.

An saki Ɗan Azumi. Wata uku da kwana tara ya yi. Ba a ce ya yi laifi ba, ba a ce bai yi ba, an dai buɗe ƙofa an ce ya tafi. Ko zirga-zirgata ce ta yi amfani, ko gajiya suka yi da ciyar da shi, Allah ya sani. Jirgin kuwa tun kafin azumi ya daina zuwa. Aka ce manya sun yi magana da manya a wani taro. Lajidan ya naɗe bindigarsa ya tafi da mutanensa, ni aka ce in zauna sai an ga hali.

Na ji labarin isowarsa, ban sami ƙafar zuwa ba. Kwana biyu ina cewa gobe. A rana ta uku da hantsi sai na hango mutum yana hawowa tudu a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Ban gane shi ba sai da ya matso. Ya rame, haƙoransa biyu na gaba babu, kunnensa na hagu kuma ba ya ji, sai ya juyo da na dama. A hammatarsa akwai ƙunshi ɗaure da igiya. Sun mayar masa da likkafanin, har da lambar.

Ya yi sallama na amsa. Na fara magana ya ɗaga hannu, ya ce Laraba ta gaya masa duka, da na yadin ma, don liman bai iya riƙe magana ba. Ya zauna inda ya saba zama. Ya ce in ba shi madubin. Na nuna masa yadda ake murzawa, ya saita shi a bayan gidansa, ya daɗe yana kallo. Babu komai a wurin sai kaji da karan dawa.

Ya miƙo mini ya ce, “Lalle ana gani sosai.” Sannan ya ce, “Chindo, na sha hawowa nan da ƙwarya a hannu, fura ba ta taɓa zuba ba. Daga nan zuwa ƙofata bai kai taku ɗari biyar ba. Me ya hana ka saukowa ka tambaye ni?”

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya ji Inna ta yafe, ita dama mai sauƙin zuciya ce. Shi kam ya duba cikin ransa bai iske yafiyar ba tukuna, ba zai kuma yi mini ƙarya ba. In ta zo wata rana zai aiko. Ya ce yanzu in tashi in nuna masa kabarin, tun da ni na san inda aka sa ta, shi bai sani ba.

Na wuce gaba yana biye. Na nuna masa. Ya durƙusa, ya ajiye ƙunshin a kan cinyarsa, ni kuma na ja da baya na bar shi da uwarsa.

Da na dawo sai na bi ta ƙofar gidansa, na fara ƙirga sawuna har gindin aduwa. Ɗari huɗu da goma sha biyu ne, Habi.

Na rubuta takardar ajiye aiki, mai doki zai tafi da ita gobe tare da madubin da agogon. In an sallame ni zan zo Tibiri in ɗauke ku. Amma ki gaya wa Dikko duk inda muka koma ya san gidan, saboda ko da wata rana za a ba shi saƙo daga Gangara.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ki huta lafiya.

Mijinki mai begenku,
Chindo